Ciwon Jijiya a Jikin Dattawa: Kada Tausayinmu Ya Kwantar da Su

Sharhinmu na yau ya shafi wani ciwo da ke cikin gidaje da dama amma ba a cika kai shi asibiti ba, wato ciwon jijiya da ke addabar dattawa, ya hana su barci da dare, ya rage musu tafiya da rana.

Masu fama da shi kowa da yadda yake faɗinsa. Wani ya ce tafin ƙafarsa wuta yake ci. Wata ta ce minjirya ce ta ƙi sakinta, ko kuma suka ce ke tasowa daga ƙugu ta bi bayan cinya har ɗan yatsa. Wani silifa za ta zame daga ƙafarsa bai sani ba, sai ya waiwaya ya hango ta a baya. Wani kuwa ko mayafi ya taɓa shi sai ya zabura. Amsar da suke samu a gida kusan iri ɗaya ce: "Baba, tsufa ne, sai haƙuri," ko "Hajiya, sanyi ne ya kama ki." Da yake ba kumburi, ba jini, ba karaya, har akan samu masu cewa tsohon raki ne da shi. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A wurin likitoci, duk ciwon da ya haura wata uku ya zama daɗaɗɗe, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware masa gurbinsa a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi tamkar wayar lantarki suke. In wayar ta saluɓe, ko dai ta riƙa tartsatsi ko wutar ta ɗauke. Shi ya sa ƙafa ɗaya takan haɗa zugi da rashin ji.

Babban abin da ke lalata jijiyoyin shi ne ciwon suga. Kusan rabin masu wannan cuta sukan samu lahanin jijiya in tafiya ta yi nisa, kuma daga yatsun ƙafa yake farawa ya yi sama. Akwai matsewar jijiya a ƙashin baya, wadda ke sa dattijo ya ɗan taka kaɗan ya nemi wurin zama. Akwai ƙurajen nan masu raɗaɗi da ke fitowa a jere a ɓari ɗaya na jiki. Ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta kwanta tun yarinta ta farka a tsufa, ana so a fara magani cikin kwana uku, kuma zafin kan iya zarcewa watanni bayan ƙurajen sun bushe. Sai ƙarancin sinadarin B12, wanda daɗewa ana shan metformin na suga kan jawo, da shanyewar ɓarin jiki, da kuturta, da maganin tarin fuka isoniazid in ba a haɗa shi da B6 ba. Ko wanne daga cikin waɗannan yana da gwajinsa, kuma akwai abin da za a iya yi a kai. In aka tsaya a kan "tsufa ne", an rufe ƙofar bincike tun ba a buɗe ta ba.

Batun magani kuwa, nan ake yawan ɓarna. Farasitamol da su ibuprofen da diclofenac ba su cika taɓa ciwon jijiya ba. Sai tsohon ya yi ta aiken jika kemis a ƙullo masa haɗi a leda, yau shida gobe bakwai, ciwon yana nan, ƙoda da ciki suna shan wahala. Wani haɗin ma da dexamethasone a ciki, wanda ke ƙara tayar da sugan da ya jawo matsalar tun farko. Tramadol kuma mun ga abin da ya yi wa matasanmu, bai kamata ya koma abincin dattawa ba. Magungunan da likita kan rubuta don jijiya daban ne, irin su amitriptyline da gabapentin da pregabalin da duloxetine. Da kaɗan ake farawa saboda suna sa jiri da barci, sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma ba a yanke su rana ɗaya. Gaskiyar da ya kamata iyali su sani ita ce, ba kowa ne ciwon ke barinsa gaba ɗaya ba. Wanda zafinsa ya ragu da rabi, ya samu barci, ya iya zagayawa da ƙafarsa, to magani ya yi aiki.

Masu sauraro, abin da ya fi ciwon kansa karya dattijo shi ne zaman ɗaki, kuma sau da yawa mu 'ya'ya ne ke jawo shi da kyakkyawar niyya. "Baba, ka zauna, za a kawo maka." "Inna, ki bari yara su yi." A kai masa buta, a kai masa abinci, a hana shi masallaci, a hana ta zuwa barka da gaisuwar mutuwa. Naman jikin tsoho yana saurin zubewa. Kwana goma a kwance ya isa ya rage masa ƙarfin ƙafa ƙwarai. Ƙafa ta yi rauni, tsoron faɗuwa ya shiga, ya ƙara lafewa a shimfiɗa. Wanda ya wuni shi kaɗai yana kallon rufin ɗaki kuwa, ba abin da zai saurara sai zugin ƙafarsa, daga nan damuwa da ƙuncin rai su biyo baya.

Tsoron faɗuwar ba na banza ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi shafa. Sai dai maganinsa gyaran gida ne da ƙarfafa ƙafa. A duba hanyar da tsohon ke bi da asuba daga ɗaki zuwa bayi: dokin ƙofa mai tsayi, gefen tabarma da ya naɗe, ruwan wanki a kan siminti, duhu. A sa fitila, a kafa ƙarfen dafawa a bangon bayi, a samar da kujerar da ake ɗorawa a kan masai ga wanda tsuguno ya gagara. Sanda ta kai daidai wuyan hannunsa in yana tsaye, a sa mata roba a gindi, a riƙe ta a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya. Motsin kuma ba sai na wahala ba: tashi daga kujera da komawa, ɗaga dunduniya ana dafe da bango, tattaki zuwa bakin layi a huta a dawo. Kada ranar da aka ji sauƙi a yi aikin mako guda a kwana uku ana jinya. Sannu ba ta hana zuwa. Masu gashin ƙashi a asibiti, irin na Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aikinsu ke nan, su tsara wa kowa atisayen da ya dace da shi.

Ƙafar da ba ta ji tana bukatar ido. Da hunturu tsoho kan miƙa ƙafa ga kaskon garwashi, ko a gasa masa da ruwan zafi, ta ƙone bai sani ba. Ga mai suga, tsagar wanzami ko sakiya a ƙafa kan zama gyambon da ke kaiwa ga yanke ta. A riƙa duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, a zazzage takalmi kafin a sa, a daina yawo ba takalmi ko da a tsakar gida. In an ga miki ya ƙi warkewa ko yatsa ya yi baƙi, ko ƙafafu sun saki farat ɗaya, ko fitsari da bahaya sun ƙwace, ranar za a tafi asibiti.

Addini ma ya yi sauƙi. Wanda tsayuwa ta gagare shi an yarda ya yi salla a zaune, in ya kasa ya yi a kishingiɗe. Kujera a ƙarshen sahu za ta maido da dattijo cikin jam'i, a gaisa da shi, a nemi shawararsa. Hukumomi kuma da nasu nauyin. Dokar hana nuna wa masu bukata ta musamman bambanci, da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar keken guragu. Wa'adin ya wuce, amma har yau dattijo kan isa banki ko ofishin fansho ya tarar da matakala.

Don haka duk mai dattijo a gida da ke kukan ƙafa, ya kai shi a gwada suga, a bincika dalilin ciwon, a raba shi da haɗin kemis. Sannan a bar shi ya riƙa yin abin da zai iya da kansa, mu tsaya kusa don ko ta kwana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.