Bangonmu na 'yan takara ne kaɗai?

1/ Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau sai na faɗa.

2/ Da ɗan sanda ya kashe George Floyd a Minneapolis a 2020, 'yan unguwar suka cika bango da zane don kar a manta. Mu ma nan muka yi ta yaɗa hotunan.

3/ To Satiru fa? A Maris 1906 sojojin Turawan Ingila suka kashe mutum wajen 2,000 a kudu da Sakkwato, talakawa masu gatari da fartanya. Aka rushe garin, aka hana sake gina shi.

4/ Wallahi sai da na shiga jami'a na fara jin sunan. Abin kunya.

5/ Ku leƙa Ɗambatta ranar kasuwa, ko'ina fuskar ɗan takara. Ashe muna da bango, muna da fenti.

6/ Za ku ce zanen mutum haramun ne. Na ji. Rubuta suna da shekara fa?

7/ Masu rubutun jikin mota, ku zo. Baba ya ba da bangon gidanmu: SATIRU 1906. Fenti a wuyana.