Ɗaurin Guga da Maginan da Ke Ƙarewa

Duk wanda ya shiga tsohon zauren ƙasa a ƙasar Katsina, ya ɗaga kai ya ga bakuna biyu sun taso daga bango huɗu, sun lanƙwaso har sun gicciye a tsakiyar rufi inda akan manna tasa don ado, to ya ga abin da magina ke kira ɗaurin guga, ko da bai san sunansa ba. Asalin sunan kuwa daga bakin rijiya ya fito, domin haka ake gicciya ɗauri a bakin guga, a ƙulla igiyar ja a mahaɗarsa, nauyin ruwa ya rabu daidai ta kowace fuska.

Hikimar da ke ciki ta wuce ado nesa. Azarar giginya, wadda gara ba ta cika yi mata lahani ba, ba ta ɗaukar nauyin rufi in faɗin ɗaki ya zarce kamu huɗu ko kusa da haka. Saboda haka magini yakan jera azara sahu bisa sahu, kowane sahu ya ɗan zarce na ƙarƙashinsa, ya ɗaure da igiya, ya yaɓe da ƙasa, ya yi haƙuri ta bushe kafin ya ɗora na gaba, har ƙafafun bakan su sadu a sama. Maginan Ƙurɗuba ta Andalus sun gicciya bakunansu da dutse a ƙarni na 10, namu kuwa da itace da ƙasa suka isa ga muradinsu, kuma da wannan fanni Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu.

A yau bulo da kwano sun mamaye Dutsin-Ma da Kurfi, kuma ba na zargin mai gida da ya zaɓe su, gama ginin ƙasa yana neman yaɓe da duba indararo kafin kowace damina, kuma rushewar wani sashe na masallacin Zariya a watan Agusta na 2023, wadda ta ci rayukan masallata, ta isa hujja cewa tsohon gini amana ce mai nauyi. Amma malamai sun ce sana'ar da jama'a ke buƙata farilla ce ta kifaya, in kowa ya bar ta alhakin yana kan kowa, alhali mafi yawan wannan ilimi yana ƙirjin tsofaffin magina ne.

Ra'ayina shi ne Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, su nemi izinin fadar Yandaka da ta Maraɗin Katsina, hakiman Dutsin-Ma da Kurfi, a tara maginan da suka rage, a biya su ladan koyarwa, su ɗaga zaure guda a gaban ɗalibai tun daga harsashi har mahaɗar bakuna, ana aunawa ana rubuta sunan kowane sashe kamar yadda ya fito daga bakinsu.