Kududdufi Ma Yana da Masu Gadinsa

'Yan uwa ɗalibai, masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Na tuna wannan magana a hutun da ya wuce, ranar da na tarar da wasu samari a Kwamba, cikin Suleja, sun zuba maganin ƙwari a wani kududdufi suna kwasar kifin da ya taso ciki sama. Da na yi magana sai ɗayansu ya ce mini, “Malam, ai kifi ne kawai.” A ganina wannan kuskure ne babba.

A cikin ruwan kududdufi akwai 'yan mitsi-mitsin halittu da ido bai cika gani ba. Biyu daga cikinsu su ne dafniya da saikulof. Dafniya tana tace gansakukar da ke sa ruwa ya yi kore, ita kuma ƙananan kifaye ne ke cin ta, su ma manyan kifaye irin su tarwaɗa da giwan ruwa suna cin su. A 1965 wasu masana biyu na Amurka, Brooks da Dodson, suka nuna cewa bayan wani kifi mai cin waɗannan halittu ya shiga tafkin Crystal a jihar Connecticut, manyan cikinsu sun ɓace, ƙananan suka cika ruwan. Dalili kuwa shi ne kifi da ido yake farauta, babba yake fara gani.

Abin mamaki, dafniya tana jin warin maƙiyinta a ruwa. In kifi ya yi yawa, sai ta balaga da wuri tun tana ƙarama, ta yi ƙwai kafin a cinye ta. A ruwa mai zurfi takan nutse ƙasa da rana, ta taso da dare. Ke nan mafarauci ne ke tsara mata girma da lokacin haihuwa. Idan aka kwashe manyan kifaye, ƙananan sukan yi yawa su cinye dafniya, ruwa ya yi kore. Idan kuma guba ta kashe kowa da kowa, sauro ne zai riga dawowa, domin shi da fiffike yake zuwa ya yi ƙwai, alhali babu kifin da zai ci 'ya'yansa.

Wani zai ce mene ne ruwan ɗalibin Hausa da wannan? Mu tuna da kurkunu. Saikulof ce ke ɗauke da tsutsarsa, mutum ya sha ta a ruwa. A 1988 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. An ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da kawar da shi a 2013. Ba kifi ne ya yi wannan aiki ba. Matatar ƙyalle da rijiyoyin burtsatse da magani ne, tare da wayar da kai irin wanda Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon suka yi ƙauye-ƙauye. Wannan wayar da kai kuwa da harshen mutane aka yi shi.

To, ga inda aikinmu yake. A New Bussa, cikin jihar Neja, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, amma galibin abin da masana ke rubutawa da Turanci yake. Masunci da saurayin Kwamba ba za su karanta shi ba. Ni kaina aron sunaye na yi a nan, domin ban sami na Hausa ba. Ya kamata mu je wurin masunta da Sarkin Ruwa mu ji yadda suke kiran abubuwan da suke gani, mu zauna da ɗaliban kimiyya mu ƙirƙiri sauran, sannan mu kai su rediyo. Da a ce ina da waɗannan kalmomi a bakina ranar nan, da na ba saurayin nan amsar da ta fi wadda na ba shi.