Ɗaya Mai Ban Haushi

Idan aka zauna hirar ƙwallo a gidajen kallo ko a majalisun bakin titi, aka gama gardamar wane ya fi wane, sa'an nan aka gangaro kan tambayar wace shekara ce ta fi kowace ban al'ajabi a tarihin gasar Firimiya ta Ingila, da wuya ka ji an yi saɓani, domin magoya bayan Arsenal da na Manchester United da na Chelsea, waɗanda ko a kan ganin wata ba su cika haɗuwa ba, sun yi ijma'i cewa babu kamar kakar 2015 zuwa 2016, wadda Leicester City ta ɗauki kofi a cikinta. A nan ina tare da jamhuru. Inda na rabu da su shi ne wajen tawilin al'amarin, gama wasu sun ce sa'a ce tsagwaronta, wasu sun ce ƙafar Jamie Vardy ce, ni kuwa abin da ya rinjaya a zuciyata shi ne ƙana'a ce ta ci kofin nan, watau yardar da mutum kan yi da gwargwadon abin da ke hannunsa, ya san iyakarsa, ya ƙi ɗora wa kansa abin da ba shi da ƙarfin ɗauka.

Wajibi ne a fara tuna halin da ƙungiyar take ciki kafin wannan shekara. Tun da aka kafa ta a 1884 ba ta taɓa zama zakarar Ingila ba, iyakar abin da ta taɓa kaiwa shi ne ta biyu a 1929, lokacin da kakannin magoya bayanta na yanzu suke yara. A kakar da ta gabaci wadda muke magana a kai, ta shafe watanni tana kwance a ƙarshen teburi, har kowa ya gama yi mata ta'aziyyar komawa ajin 'yan dagaji, sai ta farga ta ci wasa 7 daga cikin 9 na ƙarshe, ta tsira a matsayi na 14. Ba a gama murnar wannan ba sai masu ƙungiyar suka sallami kocin da ya fitar da su, Nigel Pearson, suka ɗauko Claudio Ranieri, dattijo ɗan Italiya mai shekara 63, wanda ya horar da Chelsea da Juventus da Roma da Monaco ba tare da ya taɓa cin babbar gasar wata ƙasa ba, wanda kuma aikinsa na baya-bayan nan ya ƙare da kunya, sa'ad da tsibiran Faroe, da mutanensu duka ba su wuce na gari guda matsakaici ba, suka bi ƙasar Girka da yake horarwa har gida suka doke ta a Nuwamba 2014. Masu caca a Ingila, waɗanda ba don sha'awar sana'arsu na ambace su ba sai don shaidar maƙiyi ta fi ƙarfi, sun ce duk wanda ya sa fam 1 a kan Leicester za ta ci kofi, za su ba shi fam 5,000.

Masu cewa sa'a ce suna da hujja, kuma rashin adalci ne a yi watsi da ita. Hakika manyan ƙungiyoyi sun kwanta rashin lafiya a shekara guda kamar an yi musu baki. Chelsea, wadda take riƙe da kofin, ta rikice har ta kori José Mourinho a watan Disamba, kwana kaɗan bayan Leicester ɗin ta doke ta da ci 2 da 1, ta kuma ƙare a ta 10. Liverpool ta sauya koci a watan Oktoba. Manchester City ta shelanta tun farkon Fabrairu cewa Pep Guardiola ne zai karɓi aiki a kaka mai zuwa alhali Manuel Pellegrini yana kan kujera, Manchester United kuwa a hannun Louis van Gaal tana ta juya ƙwallo ba cin raga. Ga shi Leicester ba ta da wasannin Turai da za su gajiyar da ita a tsakiyar mako, an kuma fitar da ita daga ƙananan kofuna da wuri, rauni bai kama manyan 'yan wasanta ba. Maki 81 da ta ci kofi da su ma ba wani abin a zo a gani ba ne, tun da a 2019 Liverpool ta tara 97 amma ta ƙare a ta biyu. Duk na yarda. Sai dai ƙofar da ta buɗe ba ga Leicester kaɗai ta buɗe ba. Arsenal tana tsaye a bakinta, da kuɗinta da gwanayenta da kocinta Arsène Wenger wanda ya san hanyar kofin sarai, har ma ita ce ƙungiya ɗaya tilo da ta doke Leicester gida da waje, amma da aka yi lissafin ƙarshe sai ga ta a baya da maki 10. Idan dama ta zo wa mutum ashirin a rana guda, ɗaya ya kama sauran suka sake, to, ba a kan damar ya kamata a tsawaita bincike ba, a kan wanda ya kama ne.

Abu na farko da Ranieri ya yi, wanda ni a ganina shi ne mafi wuya ga duk sabon shugaba, shi ne ya bar abin da ya tarar yadda ya tarar da shi. Wannan mutum tun yana Chelsea 'yan jaridar Ingila suka yi masa laƙabi saboda yawan taɓe-taɓensa, yau ya sa wannan gobe ya cire shi. Amma da ya zo Leicester ya ga mutanen Pearson, irin su Craig Shakespeare mataimakin koci da Steve Walsh mai farautar 'yan wasa, sun san aikinsu, sai ya riƙe su, ya ga 'yan wasan sun saba da juna, sai ya ƙyale su. Gyara guda na sosai da ya yi shi ne bayan da Arsenal ta zazzaga musu 5 da 2 a gidansu a ƙarshen Satumba, inda ya sauya 'yan bayan gefe biyu ya sa Danny Simpson da Christian Fuchs, mutanen da ba su da sha'awar yawo gaba. Daga nan kusan yaro ma yana iya karanto sunayen sha ɗayan da ka: Schmeichel a raga, Simpson da Morgan da Huth da Fuchs a baya, Mahrez da Kanté da Drinkwater da Albrighton a tsakiya, Okazaki da Vardy a gaba. Wasa 9 na farko babu wanda ba a zura musu ƙwallo ba, har dattijon ya yi musu alkawarin cin fiza ranar da suka hana a ci su, ya kuma cika bayan sun doke Crystal Palace da ɗaya mai ban haushi a watan Oktoba. Kuma ko suna saman teburi, duk ɗan jaridar da ya tambaye shi batun kofi sai ya mayar da shi kan maki 40, watau adadin da aka saba tsira da shi daga faɗuwa. Wasu sun ɗauka wayo ne irin na tsofaffi. Ni ina zaton har zuciyarsa haka ne, domin wanda Faroe ta taɓa kayarwa ya sha maganin ujubu.

Yadda suke wasa ma ƙana'a ce zalla. A zamanin da malaman ƙwallo suka mayar da riƙe ƙwallo kamar farilla, har ana kallon wanda ya bari abokin gaba ya fi shi taɓa ta a matsayin jahili, Leicester ta yarda a mafi yawan wasanninta ƙwallo ta fi zama a ƙafar wasu, ita kuwa ta ja baya ta matse, ta jira kuskure. Mai jiran kuskuren shi ne N'Golo Kanté, ɗan gajeren yaro mai kunya, haifaffen Faransa ɗan asalin Mali, wanda aka sayo daga Caen a kan abin da bai kai fam miliyan 6 ba, wanda kuma ya fi kowa a gasar ƙwace ƙwallo da tare ta a wannan shekara. In ya ƙwato, ba a tsayawa shawara. A tuna ƙwallon da suka fara ci wa Liverpool ranar 2 ga Fabrairu: Riyad Mahrez yana can cikin rabin filinsu ya ɗaga kai ya cilla ta gaba, ta faɗo ta yi tsalle a gefen dama, Vardy bai tsaya ya gyara ta ba, bai dubi ko akwai abokin da zai ba ba, ya ɗaɗa ta daga wajen da'ira ta bi ta saman gola ta faɗa raga. Taɓawa biyu ke nan daga wannan rabi zuwa wancan. Kada kuwa a ce wasan matsorata ne, domin ƙwallo 68 suka ci, Manchester City da Tottenham ne kaɗai suka fi su.

Su kansu mutanen, galibinsu waɗanda aka taɓa rainawa ne. Vardy an sallame shi daga Sheffield Wednesday yana ɗan shekara 16, ya koma aikin masana'anta yana buga ƙwallon ƙananan ƙungiyoyi, sai a 2012 Leicester ta saye shi daga Fleetwood a kan fam miliyan 1. Mahrez ɗan Aljeriya daga aji na biyu na Faransa aka tsinto shi a kan kuɗin da bai kai rabin miliyan ba, ya zo ya zama ɗan Afirka na farko da 'yan wasan Ingila suka zaɓa gwarzon shekararsu.

Yanzu sai mas'alar Vardy. Ba mai musun cewa ya ci ƙwallo 24, ya kuma jera wasa 11 yana ci ba fashi, ya karya tarihin Ruud van Nistelrooy, kuma a ragar Manchester United ɗin ya cika. Amma jerin nan a rabin farko na kakar ne, lokacin da ba wanda ya ɗauke su da muhimmanci. Jarrabawa ta gaskiya ta zo ne ranar 14 ga Fabrairu a gidan Arsenal, sa'ad da aka ba Simpson jan kati, suka daure da mutum 10 har cikin ƙarin lokaci, sai Danny Welbeck ya sa kai ya ci su, tazara ta dawo maki 2, 'yan Arsenal suka yi ta ɗaukar hotuna a ɗakin sauya kaya kamar an riga an miƙa musu kofi. A irin wannan rana ne ƙananan ƙungiyoyi kan watse. Ranieri kuwa, maimakon ya tsananta horo, sai ya ba yaransa hutun mako guda. Da suka dawo, abokan gaba sun riga sun gane su, kowa ya ja baya ya toshe filin da Vardy yake gudu, har ya yi kusan wata biyu bai ga raga a gasar ba. Kuma a cikin wannan fari nasa ne aka ci kofin. Wasa 6 suka buga daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilu, suka yi kunnen doki a ɗaya, suka ci 5, kowanne da ɗaya mai ban haushi: Leonardo Ulloa ya ci Norwich ana saura minti ɗaya a tashi, Mahrez ya ci Watford, Okazaki ya juya baya ya wuntsila ya ci Newcastle, Mahrez ya sake cin Crystal Palace, kyaftin Wes Morgan, wanda ba a san shi da cin ƙwallo ba, ya sa kai ya ci Southampton. Wanda ya kalli waɗannan wasanni ya san ba su da daɗin kallo. Morgan da Huth ne suke ta fitar da ƙwallo da ka, Schmeichel yana ihu, Kanté yana bin kowa, agogo yana tafiya. Su ne kuwa wasannin da suka raba Leicester da masu binta. Ko da aka kori Vardy da jan kati a wasan West Ham aka dakatar da shi wasa 2, Ulloa ya tsaya a gurbinsa ya ci biyu a cikin 4 da suka zura wa Swansea.

Ranar 2 ga Mayu 2016 ba su ma buga ba. Suna zaune gidan Vardy suna kallon talbijin, Tottenham, wadda ita ce ta rage tana binsu, ta je gidan Chelsea ta ci 2 kafin hutun rabin lokaci, sa'an nan zuciya ta ɗebe ta, ta bar ƙwallo ta koma duka, har aka ba 'yan wasanta 9 katin gargaɗi, Gary Cahill ya farke ɗaya, Eden Hazard ya farke ta biyu, magana ta ƙare. Wasa 38, nasara 23, canjaras 12, faɗuwa 3.

Hujjata ta ƙarshe ita ce abin da ya biyo baya, ko da yake ba ta da daɗin faɗi. Da kuɗi suka zo, ƙana'a ta fita ta taga. Chelsea ta saye Kanté, ya je ya sake cin kofi da ita a kakar da ta biyo baya. Walsh ya koma Everton. Leicester ta kashe maƙudan kuɗi a kan Islam Slimani da kuma ɗanmu Ahmed Musa, wanda mutanen Kano suka sani tun yana cin ƙwallaye a Pillars, wanda kuma ba na ɗora masa laifin kome, domin an kawo shi ne cikin gidan da ya daina sanin irin wasan da yake so ya buga. Ranieri ya koma tsohuwar ɗabi'arsa ta taɓe-taɓe yana neman abin da zai toshe gurbin Kanté, ƙungiya ta gangara har ta jera wasa 5 a gasar ana cin ta ba ta ci ko ɗaya ba, sai masu ita suka sallame shi ranar 23 ga Fabrairu 2017, wata tara da 'yan kwanaki bayan ya ba su abin da suka shekara 132 suna jira. Na ji zafin wannan kora a lokacin, har yanzu ma ina ganin dattijon ya cancanci a bar shi ya kai ƙarshen kaka ko da faɗuwa za a yi. Amma Shakespeare da ya karɓa bai zo da wata sabuwar hikima ba. Kwana 4 bayan korar, ya fito da goma daga cikin sha ɗayan da suka ci kofi, ya sa Wilfred Ndidi a gurbin Kanté, suka doke Liverpool da ci 3 da 1, suka kuma jera wasa 5 suna ci.