Abokai Dubu Biyar da Haƙƙin Aboki Guda

A shekarar 2010, lokacin da masu amfani da Facebook suka kai miliyan 500, aka fito da wani fim a Amurka mai suna The Social Network, wanda David Fincher ya ba da umarninsa, Aaron Sorkin kuma ya tsara labarinsa, a kan yadda Mark Zuckerberg, yana ɗalibi ɗan shekara 19 a Jami'ar Harvard, ya kafa wannan dandali daga ɗakin kwanansa a watan Fabrairun 2004. Wanda ya zauna kallo da tsammanin zai ga hikimar kwamfuta, to, shari'a zai tarar, domin tun daga farko har ƙarshe ana komawa ɗakin lauyoyi ne, inda mutumin da ya haɗa miliyoyin jama'a yake zaune yana fuskantar ƙarar amininsa, Eduardo Saverin, wanda shi ne ya fara zuba kuɗinsa a harkar tun ba ta zama kome ba.

Lalle fim ba tarihi ba ne, Zuckerberg da kansa ya musanta abubuwa da dama a cikinsa, budurwar nan da aka nuna ta rabu da shi ma ƙirƙirarta aka yi. Amma ƙarar Saverin ta tabbata, haka kuma ta tagwayen nan 'yan gidan Winklevoss, waɗanda suka yi da'awar cewa tunaninsu aka ɗauke, har aka sasanta da su a kan dala miliyan 65. Wurin da ya fi tsaya mini a rai a fim ɗin shi ne inda Saverin, bayan ya gane cewa takardun da ya sa wa hannu bisa yarda, ba tare da ya nemi lauyansa ya duba ba, su ne aka bi aka narkar da rabonsa, ya ratsa tsakiyar ofis ya fizge kwamfutar abokinsa ya buga ta da tebur. Mas'alar duka ta amana ce, ita kuwa ba a taɓa ƙera na'urar da ke tsare ta ba.

Ba na cikin masu cewa a ƙaurace wa dandalin, alhali ga shi har da Hausa yana aiki tun 2016, ga kuma 'yan'uwa da suka yi shekaru ba su ji ɗuriyar juna ba sun sadu ta hanyarsa. Abin da nake inkari shi ne yadda ya rahusar da haƙƙi. Malamai sun karantar da mu cewa daga haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa akwai duba shi in ya yi ciwo, da amsa gayyatarsa, da raka gawarsa, waɗannan kuwa dukansu sai da tattaki da ɓata lokaci suke tabbata, wani zubin ma har da taɓa aljihu. Yau sai mutum ya ga sanarwar rasuwar mahaifin abokinsa, su biyu suna gari ɗaya, ya rubuta “Allah ya jiƙansa” a ƙarƙashin hoton mamacin, ya zarce zuwa labarin ƙwallo, yana ganin ya sauke nauyi. Facebook ya yarje wa kowa abokai har 5,000, amma zaman makoki bai fi kwana uku ba, kuma mai gida yana lura da wanda ya zo ya zauna a tabarma.

Wanda ke nesa yana da uzuri, ya rubuta, in da hali ya buga waya. Kai da ke kusa, mai karatu, ajiye wayar ka sa takalminka ka tafi.