Idan Sabar Ofis Ta Yi Shiru, A Bar SMB1 A Kashe

Da zarar kwamfutar da ke ajiye fayilolin ofis ta daina amsawa, sai aiki ya tsaya cak. Akanta ya danna, alamar jira na ta juyawa, takardar albashi ta ƙi buɗewa. A nan ne wasu masu gyara ke garzayawa su kunna tsohon tsarin raba fayiloli na SMB1, don shi tsofaffin firintoci suka sani.

Wannan ganganci ne.

Ta ɓarakar SMB1 manhajar WannaCry ta bazu a watan Mayun 2017, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya, alhali Microsoft ya fitar da gyaran tun watan Maris. Saboda irin wannan haɗari ne sababbin Windows, da manhajar raba fayiloli ta Samba tun 2019, ke zuwa da shi a kashe.

Ƙwararren mai gyara yakan fara duba waya da wuta, ya tabbatar ƙofar sadarwa ta 445 a buɗe take, sannan ya karanta bayanan kurakurai, don sau da yawa ma'ajiyar ce ta cika. Na'urar da ba ta jin SMB2, wanda ya gaji SMB1, kuwa, shugaban ofis ya ware kuɗin canza ta.