Littafin da Monita Ba Zai Iya Gogewa Ba



Har yanzu ba mu manta da zamanin "mainin" ba. A shekarar 2024 kusan kowane gida akwai mai taɓa fuskar waya ba dare ba rana, yana tara maki a Telegram. Notcoin ya biya wasu a watan Mayu, labari ya bazu, sai kowa ya afka wa Hamster Kombat. Da aka zo rabo a watan Satumba, da yawa abin da suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Mu ma 'yan kulob ɗin jarida ba za mu wanke kanmu ba, akwai wanda ya bar aikin gida na lissafi yana kiwon ɓera a waya. Tun daga nan, in aka ce "bulokcen" sai mutum ya yi tsaki. Mu kuwa a ganinmu an tsaya wasa da kwalin ne, ba a buɗe an ga kayan da ke ciki ba.

Bari mu kawo misali daga cikin ajinmu. Malam zai fita, ya ce monita ya rubuta sunayen masu surutu. Takarda ɗaya ce, a hannun mutum ɗaya. Kafin Malam ya dawo, sunan abokin monita ya ɓace, sunan wanda suka yi faɗa jiya ya bayyana. Wa zai musa? To a ce kowane ɗalibi cikin mu arba'in yana da littafinsa, duk sunan da za a rubuta sai an faɗa kowa ya ji, kowa ya rubuta a nasa. Monita zai iya goge nasa, amma littattafai talatin da tara za su ƙaryata shi. Wannan shi ne tushen bulokcen: littafi ɗaya, kwafinsa a kwamfutoci masu yawa, babu mai riƙe da shi shi kaɗai.

Akwai ƙarin dabara. Kowane shafi yana ɗauke da hatimin shafin da ya gabace shi, wata doguwar lamba da kwamfuta ke fitarwa daga rubutun da ke shafin. Canza harafi ɗaya a shafi na biyar, hatiminsa zai canza, ya daina dacewa da na shida, na shida ya ɓata na bakwai, har ƙarshe. Shi ya sa ake kiran abin sarƙa. Wani da ya ɓoye kansa da sunan Satoshi Nakamoto ne ya bayyana tsarin a 2008, Bitcoin ya fara aiki da shi a Janairun 2009, kuma har yau ana ƙara sabon shafi kusan duk minti goma. Kuɗi shi ne abu na farko da aka rubuta a irin wannan littafi, amma ba shi kaɗai ake iya rubutawa ba.

Mu duba inda aka fi cutar juna a ƙasar nan. Yawanci a kan takarda ne. Fili ɗaya a sayar wa mutum uku, kowa da takardarsa da sa hannun shaidu, a shekara goma ana zaryar kotu, 'yan uwa su daina gaisawa. Marayu su tashi su tarar gonar mahaifinsu ta koma sunan wani. Ƙasar Jojiya ta fara sanya bayanan mallakar filaye a bulokcen tun 2016, don mai fili ya iya nuna cewa ba a taɓa rajistarsa ba tun ranar da aka rubuta ta.

Abin da ya fi shafarmu kai tsaye shi ne takardar shaidar karatu. Muna tashi da asuba, muna shan rana a asambile, muna haddace darasi, wani kuma ya je shagon buga takardu ya fito da sakamakon da ya fi namu kyau. A 2017 jami'ar MIT ta Amurka ta ba wasu ɗalibanta shaidar kammalawa da aka ɗaure da bulokcen. Mai ɗaukar ma'aikata zai duba da kansa cikin ɗan lokaci ya san ta gaske ce, ba sai ya rubuta wasiƙa ya jira wata uku ba. Ka yi tunanin ambaliya ta ci takardunka, ko gara ta cinye fayil a ofis, amma shaidarka tana nan daram.

Haka kayan agaji. A shekarar 2017 Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara amfani da wannan fasaha a sansanin 'yan gudun hijirar Siriya na Azraq a ƙasar Jodan. Mutum ya shiga kanti, na'ura ta duba ƙwayar idonsa, ya ɗauki abincinsa, a rubuta. Duk wanda ya taɓa ganin yadda buhun tallafi ke ramewa tsakanin mota da unguwa ya san amfanin wannan.

Sai dai kada mu zuzuta abin fiye da kima. Littafin yana hana gogewa, ba ya hana rubuta ƙarya tun farko. In ajin gaba ɗaya ya yarda a rubuta sunan wanda bai yi surutu ba, to ƙaryar ta zauna a littafi arba'in. In jami'in filaye ya karɓi na goro ya shigar da sunan da ba na mai fili ba, an ma ƙara wa zaluncin ƙarfi. Ga matsalar wuta da tsadar data. Ga kuma kakanninmu da ba sa karatun boko: in mabuɗin sirri ya ɓace, babu ofishin da za a je a yi kuka. Gwamnati ta ƙaddamar da eNaira a Oktoban 2021, amma mu tambayi kanmu, wa ya taɓa sayen ƙosai da ita a bakin ƙofar makaranta?

Kalmar kanta ta zama tarkon 'yan damfara. A Afrilun 2025 CBEX ya rufe da kuɗin jama'a, bayan alkawarin ninka wa mutum kuɗinsa cikin wata guda. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda ya ce ka kawo dubu goma ka karɓi ashirin saboda "fasaha", tambaye shi wane littafi ne, wa ke riƙe da kwafinsa, kuma daga ina ribar take fitowa. Yawanci a tambaya ta biyu ake fara in'ina.

Najeriya ta amince da manufar ƙasa kan bulokcen a watan Mayun 2023. Ke nan wata rana wasu za su zauna su rubuta manhajojin rajistar filaye da ta makarantu. In mun tsaya a taɓa waya, wasu ne za su rubuta, mu kuma mu bi layi. Masu wannan aiki lissafi suka iya da rubuta manhaja, wato darussan nan biyu da wasunmu ke zamewa ta taga in an zo yin su.

Don haka muna roƙon malamin kwamfuta ya ba mu darasi ɗaya a kan wannan kafin ƙarshen zango. Ba ma buƙatar janareta. Littattafan rubutu arba'in da biro sun isa mu gwada, kuma mun riga mun zaɓi abin da za mu fara rubutawa: sunayen masu surutu. Monitoci, sai ku shirya.